Gwalalon Ƙasan Tudu

Gonata ce, a takarda.
Amma tun ran Litinin sai na nemi izini nake taka ta.

Ganuwar tana nan a kan tudu, zagayayya kamar bakin akushi,
itatuwan ƙaya sun yi mata zobe.
Ubana bai taɓa kai mata gatari ba.
Ya ce gidan mutanen ɓoye ne,
wanda ya sari reshe, nonon shanunsa ya ƙafe.
Ban yarda ba. Ban kuma sara ba.

Ba ita suka zo tonawa ba.
Sabuwar hanyar Roscommon za ta kauce mata da taku arba'in,
ta bi ta fadamar da ke ƙasanta,
inda na yi shekara hamsin ina yankan ciyawa
ban san a kan garken wani nake tafiya ba.

Katafila ta feɗe ciyawar kamar fata.
Sai ga baƙin layi a cikin jar laka,
ya lanƙwasa, ya haɗu da wani, ya shige ƙarƙashin shingena.
Orlaith, shugabarsu, ta ce gwalalo ne.
An haƙa, ya cike, an sake haƙawa, har sau uku.
Ta nuna mini a jikin ramin:
nan yashin ruwan sama, nan toka,
nan kuma shekarun da babu kowa.
Kaurinsu bai kai tafin hannuna ba.

Yayyafi ba ya korarsu.
Suna durƙushe cikin rigunan leda
suna kankare ƙasa da ɗan cokalin magini,
Fiachra na tura baro yana zagin taɓo.
Abin da suka samu a mako biyu
ba zai cika aljihun kwat ɗina ba:
haƙoran maraƙi, kashin maƙera,
ƙwayar sha'ir da ta ƙone,
gululun da ya suɓuce wa wata mai kaɗi,
ta duba, ta duba, ta haƙura.
Ko tsingaro babu. A akushin itace suka ci,
ƙasa ta cinye akushin a bayansu.
Kowane abu da 'yar jakarsa da lambarsa
kamar jarirai a asibiti.

Na ce, to ina sarki? Ina zinariya?
Ta yi dariya. Ta ce a nan maruƙa suke kwana,
don kyarkeci, don maƙwabci mai dogon hannu.
Ashe mutumin irina ne:
ya tashi da duhu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

Ran Alhamis, inda gwalalon ya ƙare a bakin mashiga,
Fiachra ya daina zagi.
Kare ne.
Ba jefa shi aka yi ba, kwantar da shi aka yi,
hanci a kan ƙafafu, fuska ga ƙofa.
Orlaith ta share ƙashin cinyar da buroshi,
ta ce dubi nan: ya karye, ya ɗoru.
Wani ya ɗaure shi, ya ciyar da shi wata biyu
bai koro masa ko saniya ɗaya ba.
Shekara dubu da ɗoriya, in ji ta,
sauran lissafin sai gawayi ya faɗa.

Na koma gida, shayina ya huce a kan tebur.
Nawa karen, Breac, yana bayan ɗakin ciyawa tun bara,
cikin tsohon bargon Nuala.
Ko dutse ban ɗora masa ba.

Ran Asabar za su naɗe igiyoyinsu.
Kwalta za ta rufe gwalalon, motocin madara su bi ta kai.
Na tambaye ta ko karen zai dawo.
Ta ce akwati, Dublin, kanta mai lamba.

Da yamma na hau tudun, na tsaya nesa da ƙayar,
na tuɓe hula,
na faɗa wa masu gidan, ko suna nan ko ba sa nan,
cewa an ɗauke musu mai gadi,
su riƙa rufe ƙofa.