Homa Biyu

Malama Kulu ta maido mini takardata,
jan biro ya kewaye layi na huɗu.
Da Turanci na rubuta abin da Baba ya ce
ranar da ruwan Matan Fada ya janye.
Na buɗe masa baki da 'yan ƙugiyoyi biyu a sama,
na wuce ban rufe ba.

Ta ce, "Hassi, ina tasa ta ƙare,
ina taki ta fara?
Kin sa dattijo yana kukan
lissafi ya yi masa wuya, takalminsa ya tsinke."
Aji ya kwashe da dariya.

Da la'asar na iske shi a gulbi,
homa a dama, homa a hagu.
Ya nutsa, ya haɗa bakinsu gam,
ya taso da ragon ruwa yana fizge-fizge.
Na ce, "Baba, ɗaya ba ta isa?"
Ya ce, "Mai homa ɗaya ruwa yake tacewa."

Daren nan na rufe masa zancensa,
aya a ciki, yadda Malama ta nuna,
sannan na ci gaba da nawa,
ni da tsinkakken takalmina.