Madarar Talata

Jiniya ta riga zakara tashi, kamar jiya.
Muka gangara ramin dutse, ni da Wenzu da akuya,
matakala talatin da ɗaya, da tafin ƙafa na ƙirga,
don kyandir ɗaya ya rage, shi ma na ajiye wa ranar gawa.
Tsohuwa Ġuża na jan carbi, leɓenta na rawa,
jikanta na barci baki buɗe, farar ƙura a gira.

Sama ta yi tari sau tara. Sai shiru.

Da muka fito, babu gidan baduku.
Ƙofa ce kawai a tsaye, da kwaɗonta a jiki,
kamar tana jiran a yi mata sallama.
Karmnu na gabanta yana laluben makulli a aljihu.
Ban ce masa komai ba. In ce me?
Na ja igiya muka wuce, ciniki ba ya zaman makoki.

Ƙofa ƙofa nake tatsa, haka uwata ta yi a Bormla:
a miƙo kofi, in durƙusa, in matsa.
Da can uku take cikawa kafin ta yi harbi,
yau rabin ɗaya, ta waiwayo ta zuba mini ido.
To me ta ci? Ɓawon dankali da jaridar shekaranjiya.
Wenzu ya ce shi ya sa ta fi mu sanin halin duniya.

A dandali, akwatin magana na kan sanda yana ta zuba:
an gwabza a hamada, an ja da baya a gabas,
jiragen abinci suna hanyar Malta, a ƙara haƙuri.
Salvu wanzami, aska a hannu, rabin gemun wani cikin kumfa,
ya ce, tun Ista suke hanya, bayan kunkuru suka hau?
Aka yi dariya, 'yar gajeriya,
irin wadda ba ta cin ƙarfin mai yunwa.

Layin burodi ya kai har bakin tashar ruwa.
Rabon mutum uku bai rufe tafin hannuna ba.
Kananzir sai mako na sama.
Duk da haka Rożina za ta yi aure ran Asabar,
uwarta ta samo ƙyallen laimar sojan sama,
ana gardama a layi ko zai isa har da hannun riga.
Wata ta ce yaƙin zai ƙare kafin inabi ya nuna.
Bara ma ita ce ta faɗa.

Da la'asar muka tarar da takarda a ƙofar coci.
Ni ban yi makaranta ba, Wenzu ne idona.
Ya fara tiryan-tiryan, yatsa na bin layi,
sai ya tsallake ɗaya, ya haɗiyi yawu.
Uwa ta san ɗanta ko a tsallaken layi.
Na ce, koma baya.
Ya ce, babu abin ciyar da dabbobi, Inna,
kowa ya kai akuyarsa mayanka ranar Laraba.

Laraba gobe ke nan.

Jiniyar dare ta same mu a matakala.
Karmnu na lungu, makullin na hannunsa har yanzu.
Na tatse abin da ya rage, bai kai cokali biyar ba,
na miƙa masa, ya sha bai dube ni ba.
Can cikin duhu na ji ƙaras, ƙaras.
Na ƙyasta ashana, na kunna kyandir ɗin gawa:
ga Wenzu a tsugune, ga akuya tana tauna,
ta cinye dokar gwamnati, saura hatimi a leɓenta.

Ġuża ta tsayar da carbi ta ce, kashe wutar nan, 'yata,
ba mu ga komai ba.