Mudu Biyu na Sarkin Ƙofa

Ni mai awo ne a kasuwar Darazo,
shekara talatin hannuna cikin gero.
Ranar Asabar aka ja ni makaranta,
wai Yusha'u zai fito a wasan tarihi.
Sun manna masa gemun auduga,
sun rataya masa takobin katako,
suka ce shi ne Barau, Sarkin Ƙofa.

Ina kan benci ina dariyar gemun
har aka zo inda dariya ta ƙare.
Mahara sun ɓullo ta gabas da la'asar,
manoma tara na can bayan ganuwa,
suna gudu, fartanya a kafaɗa.
Barau ya ce, "A ja ƙyaure."
Aka ja. Allon aji ne,
amma na ji ƙararsa har cikin haƙora.

Cikin taran har da ƙanin matarsa.
Bai waiwaya ba. Gari ya kwana lafiya.
Tsohuwar da ke gefena ta yi tsaki,
wani malami ya tafa shi kaɗai, ya fasa.

Na koma gida da shi a ƙirji,
na jawo mudu yadda na saba.
Na zuba: bai ci amanar mabuɗi ba,
da yunwa ta zo ya fasa rumbunsa,
bai tambayi kowa ɗan wane ne ba.
Mudu ya yi tozo.
Na zuba ɗayan: taurin kai, kunnen ƙashi.
Yaron kan ganuwa ya ce, "Saura taki kaɗan,"
ya ce yaro ya iya bakinsa.
Kuma bai je gaisuwar ko ɗaya ba.

Wannan ce ta tsaya mini a wuya.
Rufe ƙofa, wataƙila ni ma da na rufe.
Amma tabarmar makoki fa?
Wane mahari ne ya tare hanyarta?

Tsakuwa kan shiga gero,
mai saye ya rege ya ci tuwonsa.
Mutum kuwa, da me za a rege shi?

Da dare Yusha'u na ɓamɓarar gemu,
na ce, "Kai da ka sa rigarsa, me ka gani?"
Ya ce, "Baba, da na ce a ja ƙyaure
gwiwata rawa take cikin riga.
Malam ya ce kar in bari a gani."

Na kife mudun.
Ban san a wanne zan zuba wannan ba.