Na Ƙarshen Layi

Ƙarfe biyun dare suka kawo ta daga Jiratawa,
Sahura, ɗa ya gicciye ya ƙi hanya.
Ni ne mai allurar baya.
Likita na wanke hannu, ni ina nawa shiri:
ledar ruwa biyu na rataye,
ƙaramin sirinji na ja magani, na rubuta masa suna,
na aje inda hannuna zai lalubo shi ko wuta ta ɗauke.

Duƙa, Sahura, kamar mai tsintar gyaɗa.
Sanyi za ki ji, sannan ɗumi ya gangara ƙafa.

Mijinki ɗan lambu ne, kin ce?
To kin san abin da nake tsoro.
In aka buɗe bakin kowace kwata lokaci guda,
ruwa ya bazu ya yi kwance,
na ƙarshen layi ko ɗigo ba ya gani.
Haka allurar nan take yi wa jijiya:
ta saki ƙafafu, jini ya je can ya zauna,
kai da mahaifa su ne na ƙarshen layi.

Shi ya sa na saki ruwa tun allura na hannuna.
Barira, naɗe zanen can,
cusa mata ƙarƙashin ƙugun dama ta karkata hagu,
kada nauyin ciki ya danne hanyar da jini ke komawa gida.

Sha biyu.
Minti guda. Sha ɗaya.
Yi mini hira, nawa buhun albasa bana?
Ta buɗe baki, sai hamma ta riga magana.
Na san hammar nan, ba ta barci ba ce.
Gumi ya tsatso a goshi.
“Malam Nomau, zuciyata na tashi.”
Tara.

Ban jira takwas ba.
Na tura kaɗan daga ƙaramin sirinji,
na ɗora yatsu uku a wuyan hannunta.
Bugun na nesa,
kamar sakan turmi daga wata unguwa,
sai ya matso, ya matso,
har ya shigo gidanmu.

Sha ɗaya. Na gyaɗa wa likita kai.

Da kukan ya tashi kowa ya juya,
Barira na dariya cikin takunkumi.
Ni ban ga ko mace ce ko namiji ba,
idona na kan awo.

Can ƙasa-ƙasa Sahura ta ce,
“Jika sha biyu, Malam. Albasar.”
Na duba. Ita ma sha biyu.