Rumbun Albasa

Shekara uku suna zuwa da takardu,
fararen riguna, biro a aljihu.
"Baba, buhu nawa ka samu bana?
Nawa ya ruɓe?"
In faɗa, su rubuta, su sha ruwan randata,
mota ta juya ta nufi Aliero.
Amsata ta shiga jami'a har ta yi digiri,
ni ina nan ina tsince ruɓaɓɓiya da hannu,
ƙudaje na yi mini jaje.

Don haka ran da yarinyar nan ta zo,
Lubabatu, ɗiyar wani tela a Jega,
na ce mata, "Mi kuke so kuma?
Bakina ya gaji da zama rijiya,
kowa ya zura guga, ba mai yasa."
Ba ta buɗe littafi ba.
Ta tuɓe takalmi ta shiga rumbu,
ta fito tana tari, ido ya yi ja,
ta ce, "Za mu dawo."
Na ce a raina, haka yayyenki suka ce.

Suka dawo. Su tara, da malaminsu Sahabi,
da zanen rumbu a faffaɗar takarda,
da kwanon rufi mai ɗaukar ido.
Na ga inda suka sa ƙofa, na yi shiru.
Wa ya tambaye ni?
Wata biyu rana ta hau kwanon ta zauna,
albasa ta dahu ba wuta ba tukunya.
Buhu goma sha ɗaya na Barmo maƙwabcina
muka kai juji a amalanke.

Na zaci kunya za ta tare musu hanya.
Sai ga Sahabi da la'asar, shi kaɗai a babur,
ya bar tabarma ya zauna a ƙasa,
ya ce, "Nomau, a ina muka ɓata?"
Duk takardun nan na shekara uku
ba wadda ta taɓa tambayar haka.

Na ja shi bayan gida.
Na ce, jiƙa yatsa, ɗaga sama.
Ta nan iska ke shigowa in bazara ta kama.
Albasa ba ta son ɗaki, numfashi take so,
karan dawa a ƙasa, shuci a bisa,
kuma ba a ɗebo ta daga fadama da ɗanyen wuya.
Shi ma ya zaro wani abu kamar agogo
mai faɗin zafi da laima da lamba;
abin da fatata ke ji, shi yake ƙirgawa.
Ya nuna mini a gilashi ƙwayar da ke cin amfanina,
wadda na daɗe ina ɗora wa bakin mutane.
Ban ji daɗi ba, amma na gani.

Muka sake gini, su da awo, mu da kara.
Suka biya Barmo rabi.
Ɗaya rabin har yau ana magana.

Talatar da ta wuce aka turo mota.
Ɗaki mai hawa-hawa, yara sun fi ɗari.
Aka miƙo mini alli, na ce ban iya ba.
Na ciro albasa biyu daga aljihu,
ɗaya lafiyayya, ɗaya mai ciwo a ciki.
Na ce, "Wa zai raba su ba da wuƙa ba?"
Shiru, sai ƙarar fanka.
Can baya Lubabatu ta taso,
ta latsa wuyan kowace da babban yatsa,
yadda nake yi a gabanta
ban san tana kallo ba.

Zan fito, wani yaro ya tare ni da takarda:
"Baba, buhu nawa ka samu bana?"
Na ce, "Zo gona ran Asabar ka ƙirga da kanka.
Ka sako takalmin da ba ka so."