Wadda Ta Shafe Ƙofar

A makarantar Nippur, malam Namhani
ya miƙo mini yumɓu ɗanye kamar hanta,
ya ce, "Kwafi labarin ambaliya.
Layi saba'in. Kada ka ƙara ko ɗigo."
Bulalarsa na rataye a bango, tana sauraronmu.

Na fiƙe kyauron da na yanko a bakin Furatu,
na danna shi a yumɓu, ya ƙi.
Na nufi jirgi, ya rubuta hannu.
Na nufi sarki, ya rubuta mace.
Na tofa yawu, na shafe da babban yatsa,
ya koma, kamar akuyar da ta gane hanyar rumbu.

Sai na kai shi kunne.

"Sunana Gemekala," in ji shi, da muryar tsohuwa.
"Ni na dafa kwaltar jirgin nan.
Kwana bakwai ina kan tukunya,
hayaƙi ya cinye mini gira,
hannuna ya yi baƙi har gwiwa.
Ladana mudu uku na sha'ir,
aka ba ni biyu, aka ce sauran gobe.
Cewa aka yi sarki zai yi fatauci.
Babu wanda ya ce mana sama za ta tsage.

Ina tsaye aka shigar da jaki.
Aka shigar da tattabaru cikin kwando,
da irin albasa, da kujerar sarki.
Can aka ce ƙofa za ta yi yoyo,
sai an shafe ta daga waje.
To, wa zai shafe ta daga waje?
Na shafe ta. Aikina ne.
Ban bar ko kafar allura ba.

Ruwa ya cinye dabino har kai.
A ƙarƙashi na tarar da uwar zurfi
tana ƙirga matattu kamar mai awon wake.
Ta ga ruwa ya ƙi kama hannuna,
ta ce, 'Ke, me kike so?'
Ban roƙi rai ba, na gaji.
Na ce, 'Ina bin bashin mudu ɗaya.'
Ta yi dariya har kifaye suka watse.
Ta ce, 'Sha'ir ya ruɓe, zan biya ki da baki.'
Ta dasa ni a laka, na tsiro kyauro.
Yanzu duk mai son rubuta sunan sarki
sai ya riƙe ni tukuna."

Ban ƙara gardama ba. Na saki wuyan hannu,
ta yi ta tafiya har yumɓu ya cika,
ta juya bayan allon, ta ci gaba.

Da la'asar Namhani ya tsaya a kaina.
Ya karanta, leɓensa na motsi.
Na riga na tuɓe riga, na ba bulala baya.
Shiru.
Ya zaro nasa alƙalamin daga bayan kunne,
wanda tsufa ya mayar ja kamar goro,
ya daɗe yana dubansa.
"Nawa masassaƙi ne," ya ce can ƙasa-ƙasa.
"Shekara arba'in ina danne masa harshe."

Allon ɗalibi kwarya ake jefa shi ya jiƙe,
a sake murɗa shi don darasin gobe.
Nawa, ya ɗauka da hannu biyu
ya nufi wajen masu gasa tukwane.