Kalli Tsamiya

Ranar Asabar, a filin firamaren Majiya,
an jera durom biyu-biyu, an gitta musu gora,
an shafe su da fenti, ja da fari.
Shinge bakwai.
Tun daga bakin titi na ƙirga,
yawun bakina ya ƙafe.

Ni ne Mantau, mai gyaran injin ban-ruwa.
Hannuna sufana ya sani, linzami baƙonsa ne.
Goɗiyar ma a bakin kuɗin gyara na karɓe ta,
wurin wani manomin shinkafa da ambaliya ta cinye,
shi ya sa yara ke kiranta Biyan-Bashi.

Samarin Ringim sun zo da ingarmu,
sirdi na ƙamshin sabuwar fata, takalma har gwiwa.
Ɗaya ya dubi haƙarƙarinta, ya dube ni:
"Malam, niƙa za ka kai?"
Na yi kamar ina gyara likkafa.

Mai lasifika ya kira lamba tara.
Muka taso.
Na zuba wa gorar farko ido
kamar mai bina bashi ya tare ni a lungu,
na ja linzami, jan guga daga rijiya mai gaba goma.
Ta tsaya cak.
Ni ban tsaya ba.
Ni kaɗai na tsallake shingen, na sauka da haɓa.
"Mahayi ya wuce," in ji lasifika, "saura doki!"
Har mai tallar gyaɗa sai da ta sauke tire don dariya.

Ina tofar da yashi a bayan aji
Baba Cindo mai rake ya miƙo min gaɓa ɗaya.
An ce ya yi shekaru yana horar dawaki a Maigatari.
Bai ce sannu ba.
"A fadama," ya ce, "wa ke roƙonta ta haye magudana?
Ba kullum nake ganinku ba, da galan ɗin fetur a bayanka?
Dabba ba ta san fenti ba, yaro.
Tsoronka take sha ta cinyarka.
Ga tsamiya can bayan aji uku.
Ita za ka kalla. Ka sakar mata baki."

Bayan la'asar aka sake kira.
Gwiwa ba ta daina rawa ba,
na dai hau da ita haka.
Na nemi tsamiya, na same ta,
da wani ɗan akuya yana miƙa wuya a gindinta.
Na sassauta yatsu.

Kofato, kofato, kofato,
sai shiru.
Ban taɓa sanin akwai shiru irin wannan
tsakanin ƙasa da ƙasa ba,
gajere, bai kai haɗiyar ruwa ba,
amma ya ishi mutum ya ji geza a fuskarsa
ya gane ba a jefar da shi ba.

Na biyu. Na uku, muka karkata ta wajen tuta.
A na biyar ƙafar baya ta taɓa,
na ji gora ta faɗi, ta gangara,
wuyana ya so waiwaye, na hana shi.
Abin da ya faɗi ya riga ya faɗi.

Na bakwai ya fi kowanne tsawo,
an cusa buhunan ƙaiƙayi a ƙarƙashinsa.
Sai na ji wata murya na cewa, "Mu je, 'yar gari,"
ashe tawa ce.

Na shida muka zo cikin sha ɗaya.
Sabulu sanda biyu, da rabin buhun dusa.
Saurayin Ringim ya ɗaga min bulala, ban san nufinsa ba,
na ɗauka gaisuwa ce.
Na nemi Baba Cindo in biya kuɗin rake,
ya riga ya tura baronsa ya yi gaba.

A hanyar gida, magariba na sauka kan shinkafa,
muka iso babbar magudanar da kullum nake zagayewa.
Ta ɗaga kunne.
Har yanzu akwai yashi tsakanin haƙorana.
Na gyara zaman dusa, na ɗaga kai,
na nemi wata bishiya a can tsallake.